Takalmin hawan dutsen silet: tambayoyin da ake yawan yi da amsoshinsu

Duk wanda ya saba da wasu duwatsu sannan ya zo kan silet karon farko, abin da yake fara zargi takalminsa ne, kuma sau tari yana da gaskiya. Tambayoyin nan su ne dai ake ta maimaita min, wasu a gindin dutse muna ɗaura igiya wasu a mota kan hanyar komawa, to naga gara in tara su wuri ɗaya in amsa iya abin da ƙafata ta koya min.

Wai shi silet ɗin wane irin dutse ne, me ya raba shi da sauran?

Shi ne dutsen nan da ake faskarawa falle-falle a yi rufin gida da shi, kuma da shi ake yin allon 'yan makaranta a da. Asalinsa laka ce da ta kwanta a ƙarƙashin teku, zafi da nauyin ƙasa suka matse ta har ta zama dutse mai tsagewa ta fuska ɗaya kamar shafin littafi, na arewacin Wales ya kai wajen shekara miliyan 500. Ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai shiyasa in ka shafa shi da hannu sai kaji sumul kamar tayil, babu kaushin nan na dutsen yashi ko giranit da roba take samu ta ciza.

Inda ya fi suna wajen hawa shi ne tsohuwar mahaƙar Dinorwig da ke saman garin Llanberis a Wales, wadda a lokacin da take ganiyarta mutum sama da 3000 ke aiki a cikinta kafin a rufe ta a 1969, yanzu ma tun 2021 yankin yana cikin wuraren tarihi na UNESCO. Akwai wasu kuma a Ingila kamar Hodge Close a yankin tafkuna. Abin da ya shafi takalmi a nan shi ne, waɗannan fuskokin ba ruwa da iska ne suka sassaƙa su ba, nakiya ce da guduma da kurfi na ma'aikata, dan haka babu ramuka masu daɗin taka ko tudu mai kauri. Abin da zaka samu falale ne sumul da 'yan gefuna masu kaifi nan da can, shi kenan.

To a taƙaice wane irin takalmi ne ya dace da shi?

Mai tauri. Ko baka karanta sauran ba ka riƙe wannan, takalmi mai taurin ƙasa, mai kaifin baki, wanda babban yatsanka ya cika goshinsa taf babu ko ɗan fili. Dalili kuwa a silet ba kamun roba ake dogara da shi ba, tsayuwa ake yi a kan gefe, wani gefen bai fi kaurin tsabar kuɗi biyu da aka haɗa ba kuma a kansa zaka ɗora nauyinka duka. In ƙasan takalmin mai laushi ne sai ya naɗe a kan gefen robar ta mirgine, yatsanka shi kaɗai ke ɗauke da kai, kafin minti biyu sha-raɓarka ta ɗau zafi ƙafa ta fara rawa. Mai tauri kuwa kamar an sa maka ɗan katako ne a ƙarƙashin ƙafa, yana kwashe nauyin daga kan yatsa ya raba shi har tsakiyar tafi, sai ka samu sararin tsayawa ka ja numfashi ka duba inda zaka kai hannu.

Kuma akwai wani motsi da silet ya yi suna da shi wanda in baka taɓa yi ba ba zaka gane me yasa nake ta nanata tauri ba. Zaka ɗaga ƙafa sama wani lokaci har kusan ƙugu, ka ɗora bakin takalmi a kan ɗan gefe, ka mirgina jikinka gaba ɗaya a kanta kamar zaka zauna a kan diddige, sannan ka miƙe da ƙafa ɗaya tal alhali hannu ba shi da wani abin kirki da ya riƙe sai ɗan abin da farce ya kama. A tsakiyar motsin nan ƙafar tana juyawa, nauyi yana tashi daga cikin yatsa ya koma goshi, to in takalmin yana da inda zai motsa a ƙafarka ko robar tana da inda zata lanƙwashe, a daidai nan zata yi, lokacin da ba ka da yadda zaka koma baya.

Taurin kuma ba daga robar waje kaɗai yake zuwa ba, akwai wani siririn faranti da ake sakawa tsakanin robar da inda ƙafa ke takawa. A shago ka riƙe diddige da hannu ɗaya goshi da ɗaya ka gwada naɗe shi, sannan ka murɗa shi kamar mai matse wanki. Wanda ya naɗe maka biyu ba gardama ka ajiye shi, ba na silet bane.

Takalmin da nake hawa bangon atisaye na cikin gida da shi ba zai yi ba?

Zai kai ka sama a hanyoyi masu sauƙi, ban ce ba, amma in irin na zamanin nan ne mai laushi kamar safa da aka yi dan manyan kumbura na roba da bango mai rinjaye, to wallahi zaka sha wuya. Ni da irinsa na fara zuwa. Na tsaya a wani falale a Dinorwig, ƙusar kariya da ake maƙala igiya a jikinta tana ƙasa da ƙafata da kamar mita biyu, ga ɗan gefe nan ina ganinsa ƙuru-ƙuru daidai gwiwa, na ɗora ƙafa na fara mirginawa sai naji robar tana zamewa a hankali a hankali kamar ana janye tabarma a ƙarƙashina, na sauke na sake, haka dai har sau huɗu, a na biyar na tafi ƙasa igiya ta riƙe ni gwiwa ta goge a dutse. Abokin hawana ya ciro wani tsohon takalmi mai igiya daga jakarsa wanda ma ya ɗan fi ƙafata, yace sa wannan ka gani. Gefen nan dai guda, ƙafar nan dai guda, na ɗora na miƙe ko gezau. Tun ranar ban ƙara musu a kan maganar tauri ba, kuma har yau in naga sabon zuwa da takalmi mai laushi yana ta zargin kansa wai ba shi da zuciya sai abin ya taɓa ni, dan na san ba laifinsa bane.

Roba fa, mai tauri ko mai danƙo?

Nan ne mutane ke ruɗewa. Suna cewa ai dutsen santsi gare shi dan haka a nemi robar da ta fi kowacce danƙo. A baki maganar ta yi daidai amma a kan dutse ba haka take ba, dan roba mai laushi tana kamu ne ta hanyar shiga cikin 'yan ƙuraje da kaushin dutse, to silet ba shi da inda zata shiga, ga shi kuma a kan gefe mai kaifi sai ta miƙe ta saki. Mai tauri ita ce ke riƙe siffarta. In zaka duba sunan roba a ƙasan takalmi, kamfanin Vibram na Italiya yana da XS Edge wadda aka yi musamman dan tsayuwa a gefe, sai XS Grip 2 wadda ta fi laushi da danƙo. A silet ni ta farko nake zaɓa. Stealth C4 ta kamfanin Five Ten ita ma ta daɗe tana aiki a wurin, tana tsakani, in aka ɗora ta a kan takalmi mai taurin faranti babu abin da za a ce. Kauri kuma milimita 4 shi ne na kowa, 3.5 yana ba ka jin dutse sosai amma silet wuƙa ne, zai cinye shi da wuri.

Kar a ɗauka nace danƙo ba shi da amfani. Lokacin da hawan silet ya bunƙasa a farkon shekarun 1980 ya zo daidai da shigowar takalmin Firé na kamfanin Boreal na Sifaniya, wanda shi ne ya fara yaɗa roba mai kamu a tsakanin masu hawa. Amma ka duba hotonsa ka gani, takalmi ne miƙaƙƙe mai tauri har idon sawu. Da ire-irensa aka buɗe hanyoyin da har yau suke ba mutane tsoro.

Mai lanƙwasa kamar bakin shaho ko miƙaƙƙe?

Miƙaƙƙe ko mai ɗan lanƙwasa kaɗan. Mai bakin shaho an yi shi ne dan ka jawo dutse da yatsa a wurin da ya rinjayo kanka, a falale kuwa turawa kake yi ƙasa, diddige yana ɗan sauka, to lanƙwasar sai ta zama cikas tana ɗaga maka tsakiyar ƙafa tana tara zafi a kan gaɓar yatsa. Wanda goshinsa ya ɗan karkata wajen babban yatsa yana da kyau dan yana tara ƙarfi wuri ɗaya. Goshi mai ɗan tsini kuma yana taimako a hanyoyin da ke bin tsaga, kamar Comes the Dervish da Stevie Haston ya buɗe a 1981 a ramin mahaƙar Vivian da ke Llanberis, siririyar tsaga ce da ta ratsa falale, wani wurin bakin takalmi kaɗai zaka iya cusawa.

Akwai kuma wasu takalma da aka yi su da gangan babu kaifin baki, robar ta zagayo goshi kamar fatar yatsa. Suna da inda suke burgewa, amma ban ba kowa shawarar ya fara silet da su ba.

Lamba nawa zan rage? An ce sai ya matse har hawaye.

Dan Allah ɗan'uwa ka bar wannan maganar hawayen. Abin da ake nema cika ne ba azaba ba, kuma suna da bambanci. Cika shi ne babban yatsa ya taɓa ƙarshen goshi a miƙe ko ya ɗan tanƙwara kaɗan, babu iska a diddige, babu fili a gefen ƙaramin yatsa, in ka tsaya a kan bakin matakala da goshi kaɗai takalmin bai juya a ƙafarka ba. Azaba kuwa ita ce yatsu sun dunƙule kamar hannun mai dambe har ba ka son ɗora nauyi a kai, to mutumin da ke tsoron taka ƙafarsa ina shi ina silet, inda duk maganin zamewa shi ne ka danna da ƙarfi.

Ka tuna kuma hanyoyin nan ba na minti ɗaya bane. Da yawa daga na shekarun 1980 an sa musu ƙusoshin kariya nesa-nesa da gangan, wasu kuma babu ƙusa sam sai 'yan ƙananan ƙarafa da zaka tsaya ka lallaɓa ka cusa a tsaga da kanka, kana tsaye a kan ɗan gefe minti uku minti biyar kana zaɓen wanda ya shiga. Hanya ɗaya mai mita 40 zata iya cin rabin awa ko fi. In takalmi ya kashe maka yatsa tun a mita goma, sauran talatin ɗin da me zaka ji dutse?

Amma kar kuma a wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, takalmi mai yalwa ya fi mai laushi haɗari, dan bakin robar zai tsaya a gefe yatsanka kuma yana can baya da rabin inci, ba abin da ke tallafe da shi. Lamba kanta kar ka yarda da ita, 42 na wannan kamfani ba 42 na wancan bane, ko a kamfani ɗaya ma samfuri biyu sukan saɓa. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kaje da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka yanke farce tun a gida, ka gwada ƙafa biyun dan kusan kowa ɗaya ta fi ɗaya, ka nemi ƙaramin gefe mafi ƙanƙanta a ɗan bangon gwaji na shagon ka tsaya a kai da ciki, da waje, da goshi, ka ƙirga talatin. In mai shago yana gaggauta ka ka ƙyale shi, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mai igiya ko mai manne?

Mai igiya. Yana ba ka dama ka matse goshi daban tsakiya daban, kuma in ya saki da tsufa ka ƙara ja. Mai manne ba laifi in ya zauna maka daidai kuma yana da tauri, sauƙin cirewa ma abin so ne. Wanda ba shi da ko ɗaya sai roba mai jan kai, ka barshi a gida.

Fata ko yadin roba?

Fata zalla da ba a yi mata shafi a ciki ba tana buɗewa, wani lokaci har lamba guda, to wanda ya cika maka taf a shago bayan wata biyu sai kaji yana yawo. Yadin roba kusan yadda ka saya haka zai zauna, dan haka kar ka saye shi da matsi kana fatan zai saki, ba zai saki ba. Fata mai shafi tana tsakani. A silet da milimita ɗaya ke raba tsayuwa da faɗuwa na fi son wanda ba ya canza hali, amma duk wanda ka ɗauka ka tambaya da me aka yi shi kafin ka yanke lamba.

Ka faɗa mana sunaye mana, wanne za mu saya?

Zan faɗi waɗanda ake yawan gani a ƙafar mutane a wurin, amma da sharaɗin siffar ƙafarka ita ce alƙali. Daga La Sportiva akwai Miura mai igiya da Katana mai igiya, dukansu da XS Edge, Miura ta fi tsini da karkata Katana ta fi sauƙin zama a ƙafa. TC Pro da aka yi tare da Tommy Caldwell dan manyan bangayen Yosemite a Amurka shi ma tauri gare shi ga rufin idon sawu, wasu na ganin ya yi nauyi ni kuma ina ganin a dogayen hanyoyi yana hutar da ƙafa. Daga Scarpa akwai Boostic da Vapor mai igiya, da Instinct VS ga wanda ke son ɗan lanƙwasa. Sai dangin Anasazi na Five Ten, musamman fari mai tauri da ake kira Blanco, wanda tsofaffin hannu a Birtaniya har yau suke yabonsa a kan ƙananan gefuna. Kamfanoni suna canza samfuri suna daina wasu, suna ma riƙe suna su canza takalmin a ƙarƙashinsa, shiyasa gwajin naɗewa da murɗawar nan ya fi sunan da ke jikin kwali.

Amma ai naga ana hawa wani lungu sumul da tafin hannu da gwiwa, can ma tauri ake so?

Tambaya mai kyau, kuma a nan dole in sassauta. Silet ba falale kaɗai bane, akwai lunguna inda fuska biyu suka haɗu kamar buɗaɗɗen littafi babu gefe ko ɗaya. Wanda ya fi suna shi ne lungun The Quarryman da Johnny Dawes ya hau a 1986 a cikin ƙaton ramin Dinorwig da ake kira Twll Mawr, inda mutum ke tokare ƙafa a bango ɗaya baya ko tafin hannu a ɗayan yana juyi yana matsawa sama. A irin wurin nan faɗin robar da ta kwanta a dutse ake so, to takalmi mai ɗan laushi ko tsohon mai tauri da ya riga ya saki shi ya fi. A ramin dai akwai The Meltdown, aikin da Dawes ya daɗe yana nema James McHaffie ya kammala a 2012, mai maki 9a a ma'aunin wahalar hanyoyi, yana cikin falale mafi wahala a duniya. Mutanen da ke wannan matakin sukan zaɓi takalmi dan hanya ɗaya tak, har mutum ya sa wani iri a dama wani iri a hagu in motsin ya buƙaci haka. Amma gaskiya mu da muke hawa na tsaka-tsaki, cikin hanyoyi goma tara gefe ne, dan haka ka sayi na tara ɗin tukuna.

Ni mace ce kuma ba ni da nauyi, shawarar ɗaya ce?

Kusan ɗaya ce 'yar'uwa, sai dai tauri abu ne da ya danganta da nauyin mai taka shi. Takalmin da zai ɗan lanƙwasa daidai a ƙarƙashin mai kilo 80 ke mai kilo 50 zaki ji shi kamar faranti, ba za ki ji abin da kike takawa ba. Shiyasa samfuran mata ko na siririyar ƙafa sukan zo da faranti mai ɗan sassauci, wasu ma da roba mai laushi, misali Miura ta mata da XS Grip 2 take zuwa. Ki gwada biyun ki tsaya a ƙaramin gefe, wanda ya riƙe ki kuma kina jin inda gefen yake a ƙarƙashin yatsa shi ne naki. Maza masu siririn diddige ma su gwada na matan babu komai, haka mace mai faɗin ƙafa ta gwada na maza.

Sabo fil ya fi ko wanda ya ɗan tsufa?

Sabo fil daga kwali yana da kaifi amma bai san ƙafarka ba kaima baka san shi ba, ka ɗan hau da shi sau uku sau huɗu a hanyoyi masu sauƙi kafin ka kai shi inda kake tsoro. Daga nan har zuwa lokacin da bakinsa zai fara zama zagaye shi ne ganiyarsa. Ka riƙa duba bakin nan da babban yatsan hannu daidai ƙarƙashin inda yatsan ƙafa ke zama, in ka daina jin kusurwa to ya fara tafiya. Kar ka jira sai rami ya fito, ka kai wa masu gyaran takalmin hawa su canza rabin tafin tun robar da ta zagaye goshi bata ci ba, dan in ta huje gyaran ya ƙaru kuma siffar goshin ba lallai ta dawo yadda take ba. Ba kowane shumeka ne ke wannan aikin ba, sai mai kayan aikin da suka dace da takalmin hawa, kuma zaka iya ce masa ya sa maka roba mai tauri ko da ba da ita takalmin ya zo ba. Abu ɗaya dai, gyara yana dawo da baki amma ba ya dawo da taurin farantin ciki, bayan gyara biyu ko uku sai ka mayar da shi na atisaye.

Wasu suna ɗan goga bakin da samfefa su fito da kusurwa. Yana aiki na ɗan lokaci, amma robarka kake ci, a yi da hankali. Kuma in da hali kar ka riƙa kashe takalmin silet ɗinka a bangon cikin gida, kaushin bangon nan yana cinye baki cikin 'yan makonni.

Na sayi mai tauri amma har yanzu ƙafata na zamewa, me ke faruwa?

Fara duba ƙasan takalmin. Gindin hanyoyin nan duk ɓaraguzan silet ne da wata ƙura mai laushi kamar hoda, in akwai damshi kuma sai ta zama laka mai santsi, taku ɗaya ya isa ya shafe maka robar. Ka tafi da ɗan guntun kafet ko tawul ka tsaya a kai, kafin ka tashi ka goge bakin takalmin da tafin hannu ko ƙafar wando, wasu har ɗan yawu suke sawa su murza sai robar ta yi baƙi wuluk tana ƙara ƙiiƙii a ƙarƙashin yatsa, in kaji wannan ƙarar to ta shirya. Allin da masu hawa ke shafawa na hannu ne, kar ka sa a takalmi, kuma kar ka zuba a inda za a taka.

Sai yanayi. Silet ba ya shan ruwa dan haka yana bushewa da sauri bayan ruwan sama, wannan ne ma yasa ake gudowa nan in an yi ruwa a manyan duwatsun Eryri, wato yankin tsaunukan arewacin Wales, amma muddin da lema a kansa babu takalmin da zai cece ka, ka jira. Dutse ne mai duhu kuma, in rana ta buga shi yana ɗaukar zafi roba ta yi laushi ta fara mirginewa ƙafa ma ta kumbura a ciki, shiyasa ranar sanyi mai iska ta fi.

In duk wannan daidai ne to saura ƙafar da ke ciki. Ka kalli gefen da ido har sai takalmin ya sauka a kansa, kar ka ɗauke kai tun ƙafa na hanya. Ka ɗora sau ɗaya kar ka yi ta goga kana neman wuri. In ka ɗora ka danna, dan ƙafar da aka taka rabi-rabi ita ce ke zamewa, kuma ka ja ƙirjinka baya daga dutsen ƙugu ya hau kan ƙafa, tsoro ne ke sa mutum ya kwanta a jikin falale kuma kwanciyar ce ke ture ƙafar waje.

Ni sabon shiga ne kuɗin ƙafa ɗaya gare ni, ya zan yi?

Ka kwantar da hankali, kai ma kana cikin sa'a dan takalman koyo da yawa miƙaƙƙu ne masu tauri. Matsalarsu biyu ce, goshi dunƙulalle da kuma yadda ake sayensu da yalwa. Ka nemi mai igiya mai matsakaicin tauri ka saye shi da cika, zai kai ka hanyoyi irin su Seamstress a ɓangaren Dinorwig da ake kira Serengeti da ma waɗanda suka fi ta, kuma zai yi maka aiki a sauran duwatsu. Na hannu kuwa sai ka duba da kyau, fata ta riga ta ɗauki siffar ƙafar wani, farantin ma wataƙila ya mutu.

Da takalmin hawan zan taka zuwa gindin dutsen?

A'a sam. Hanyoyin cikin mahaƙar tsibin tarkacen silet ne masu kaifi da ke motsi a ƙarƙashin ƙafa, ga tsoffin matakalai da gangara da ramukan da aka huda cikin dutse masu duhu da ruwa a ƙasa, wani wurin har tsoffin tsanin ƙarfe da suka yi tsatsa. Tafiyar minti goma a nan zata yanka maka roba fiye da hawan wata guda, kuma takalmin hawa a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa santsi ne tsagwaronsa. Ka sa takalmin tafiya mai rufin yatsu da ƙasa mai kamu, ba silifa ba dan gutsuren silet yana yanka kamar reza, ka sa hular kwano tun kafin ka isa gindin. In hanyar da zaka hau ta baya ake saukowa da ƙafa, ka rataya takalmin tafiyar a bayan ɗamararka ka hau da shi, in ka kai sama ka zauna nesa da baki ka canza.